Bokitin da Na Ajiye a Ƙofar Gidanmu

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, amma makonni biyun nan da wani shuɗin bokiti mai famfo ya kusa raba ni da mahaifina ba za su taɓa fita raina ba. Har yau in na ga irinsa a ƙofar asibiti ko shago sai dariya ta taso mini, kafin ta fito kuma sai gabana ya faɗi.

A shekarar da korona ta shigo ne. Ni malamin firamare ne a nan Illela, an rufe makarantu, aka bar ni a gida ba ni da aiki sai sauraron rediyo. Wanda ya san ni kuwa ya san zaman banza ba ya karɓata, sai na nemo abin da zan yi faɗa a kansa. Rediyo kullum magana ɗaya take yi: a wanke hannu da sabulu, a bar musabaha, a guji cunkoso, kuma tsofaffi da masu ciwon ƙirji su cutar ta fi kayarwa. Baba ya haɗa duka biyun. Ya haura tamanin, ga asma da ta daɗe tana wahalar da shi, ko hayaƙin girki ya shaƙa sai mun kwana biyu muna fama. Na tabbata a raina in cutar nan ta same shi ba za ta bar mana shi ba.

Baba malamin zaure ne. A zamaninsa mutane daga Gidan Katta da Amarawa, har da na ƙetaren iyaka, suna zuwa neman taimako, ya yi musu addu'a ya tofa a ruwa su tafi da shi. Da idonsa ya mutu, shekara shida kafin wannan lokaci, sai ya ajiye komai, ya koma ɗakinsa da ke jikin zaure. Masu zuwa suka ragu har ya zama sai tsofaffin maƙwabta biyu ko uku da kan leƙo su gaishe shi. Waɗannan 'yan ƙalilan ɗin nake tsoro, don kowannensu daga kasuwa yake fitowa.

Sai na je na sayo bokitin. Na ɗora shi a kan turmin da aka kife a bakin ƙofar gida, na sa roba a ƙasa ta tari ruwan, na ajiye sabulu a gefe. Na kafa doka: duk mai shiga sai ya wanke hannu, in ya shiga kuma ya gaisa daga nesa. Na ja baya na dubi aikina, na ji ni kaɗai ne mai hankali a unguwar.

Wanda ya fara cin karo da dokar shi ne maƙwabcinmu mahauci, wanda tun muna yara muke ce wa Kawu. Ya zo da safe yana jan majina, mura ta kama shi sosai. Ya tsaya ya ƙare wa bokitin kallo.

"Ɗan Malam, mi an nan?"

"Ruwa ne, Kawu. Saboda cutag ga da ka yawo. Ka wanke hannu kahin ka shiga."

"Mi anka sa ciki?"

"Ba a sa komi ba."

Ya kalle ni ya yi wani murmushi, irin na wanda ya gane an ɓoye masa magana kuma bai ji haushi ba. Ya buɗe famfon ya wanke hannu, sabulun ko kallonsa bai yi ba. Sannan ya tara tafinsa ya kurɓa sau uku, ya shafa sauran a fuska da ƙirji, ya ce Allah ya ƙara wa Malam daraja. Na ce masa ba na sha ba ne. Ya ce ya gane. Da na san abin da ya gane ɗin, da a ranar na fasa bokitin.

Bayan kwana biyu murar Kawu ta warke, kamar yadda mura ta saba warkewa tun da aka halicci duniya. Kawu kuwa mutum ne da ba ya sayar da tsoka ɗaya bai haɗa wa mai saye da labari ba. Kafin la'asar duk wanda ya bi ta mahauta ya ji cewa Malam ya dawo aiki, ya fitar da maganin korona, ya ajiye shi a ƙofar gida kyauta saboda Allah.

A nan ne nawa kuskuren yake, kuma sai daga baya na gan shi. Ni ɗan gidan ne, na fi kowa sanin cewa a garinmu ba a taɓa ajiye ruwa a ƙofar malami ya zama ruwa kawai ba. Da a ƙofar mai shayi na ajiye shi, da ba wanda zai waiwaya.

Washegari na fito na tarar da mutum bakwai a layi. Da aka ƙara kwana suka kusa talatin. Wasu da gora, wasu da buta, wata tsohuwa da jarkar man gyaɗa da ba ta ko ɗauraye ba. Wani bawan Allah da ya ga ana wahala wajen sha da tafin hannu sai ya kawo moɗa, ya ɗaura ta a jikin famfon da igiya, sadaka mai gudana. Daga nan kowa da ita yake sha, wannan ya cire baki wancan ya sa. Na tsinke igiyar na jefar da moɗar a kan rufi. Kafin azahar an ɗaura wata, wannan karon da waya.

Sabulun ma bai tsira ba. Ba wanke hannu ake da shi ba, gutsurarsa ake yi da farce a ƙulle a bakin zani ko a sa a aljihu. Na ji wani yana gaya wa abokinsa wai a saman ƙofar ɗaki ake soke shi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a wurinmu ba a cin arzikin mutum a juya a tafi ba a yi masa godiya ba. Duk wanda ya sha ruwan sai ya cire takalmi ya shiga ɗakin Baba, ya durƙusa, ya kama hannunsa da hannu biyu, wani ma ya ɗora hannun a kansa. Ɗakin nan taga ɗaya gare shi, ita ma ƙarama. Mutum goma su cika shi, goma su jira a zaure suna tari suna hira. Mutum uku nake tsoro, na wayi gari ina kawo wa tsohona rabin gari da hannuna.

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na hau kan benci na ce, "Jama'a, wallahi ruwan rijiyar burtsatse ne, Malam bai ko taɓa shi ba." Sai su gyaɗa kai, su ce Allah sarki, gidan malamai ke nan, ba sa son a yabe su. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce haka ake so, sirri in an faɗe shi lalacewa yake yi. Na ce to bari in nuna musu da idonsu. Na tsayar da mai garuwa, na zubar da abin da ke cikin bokitin a ƙasa, na sa shi ya juye jarkarsa a gabansu. Mutum huɗu suka durƙusa suna dangwalar laka suna shafawa a goshi. Sauran suka ce ai ba ruwan ba ne, bokitin ne aka yi wa aikin.

Ranar na shiga gida ina huci. Na ce wa matata ta miƙo mini maganin nan da ake zubawa a bayi, in ɗiga a ruwan, in ga mai shansa. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Maigida, waɗanda sunka shafa laka, shi za su ƙi sha? So kake a ɗauki gawa a ƙofar gidanmu."

Gaskiya ta faɗa. Sai a lokacin na lura da zabi uku da aka ɗaure a gindin dalbejiya, da buhun albasa, da ƙwarya biyu ta nono. Na tambaye ta daga ina. Ta ce sadakar masu shan ruwa ce, har da 'yan sefa, kuɗin ƙetaren iyaka, da ake turawa a ƙarƙashin turmin. Na ce a mayar wa masu su. Ta ce in nuna mata su a cikin taron. Sannan ta ƙara da cewa ita dai shekara goma sha biyar ina koyarwa, ba ta taɓa ganin bokona ya kawo ko ƙwai ɗaya gidan nan ba.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, a ganina: na ɗauke bokitin na kulle shi a ɗakin ajiya. Wannan ya fi komai muni. Da mutane suka zo ba su gan shi ba, sai suka ce tunda ruwan ya ƙare bari su je wa mai shi. Suka wuce ni a bakin ƙofa kamar ba a ajiye ni ba, kowa da gorarsa yana roƙon Malam ya tofa masa ko sau ɗaya. Ni da kaina na ruga na fito da bokitin, na cika shi, na tsaya ina kiran mutane su zo su sha, don kawai su fita daga ɗakin. Malamin makaranta guda, da takunkumi a fuska, yana rabon abin da ya kwana goma yana rantsuwa ba magani ba ne.

Ranar kasuwa abin ya kai maƙura. Iyaka a rufe take a lokacin, amma masu babura sun san hanyoyin daji, sai ga mutanen ƙetare suna sauka da jarkoki ɗaure a baya. Layi ya wuce masallacin unguwa. Masu fura da masu rake suka kafa a gefen hanya. Wani dattijon Bafulatani ya zo da sandarsa da saniya ɗaya, ya ce ita ma tana tari, a ba shi nata rabon. Ina cikin yi masa bayanin cewa shanu ba sa cikin maganar, sai Kawu ya ja ni gefe. Fuskarsa ba yadda na saba ganinta ba.

Ya ce wani ɗan kasuwar hatsi da ya zo kwana uku da suka wuce, wanda ya daɗe zaune kusa da Malam yana ba shi labarin Kano, an wuce da shi Sakkwato da safen nan. Zazzaɓi, kuma numfashi ba ya fita. Na tuna mutumin sarai. Ya riƙe hannun Baba tun daga sallama har ban kwana.

Ban san lokacin da na ratsa zauren ba. Na kori duk wanda ke ɗakin, manya da ƙanana, ban duba furfurar kowa ba, na rufe ƙofa. Baba yana zaune a kan buzunsa. Yana buɗe baki zai tambayi abin da ya faru sai tari ya sarƙe shi, mai tsawo, har ya dafa ƙasa. Tsoro ne ya kama ni, amma da fushi ya fito. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar.

"Baba, ka san ba komi cikin ruwan ga. Ka sani. Don mi kaka barin su suna shigowa? Kashe ka za su yi."

Ya bari numfashinsa ya daidaita kafin ya amsa.

"Na sani. Kuma ba wanda ya shigo ban gaya mai ban tofa komi ba. Ba su yarda ba, kamar yadda ba su yarda da kai ba."

"To ka kore su mana."

"Wannan kam ban yi ba." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Shekara shida ina zaune nan. Ina jin tsakar gida, ina jin titi, ni dai ba wanda ka zama. Na san ba don ni sunka zo ba, don bokiti ne. Amma sun zo, sun zamna, sun ba ni labari. Kai kanka gaisuwarka daga bakin ƙohwa take, tun cutag ga ba ta zo ba."

Na so in ce aiki ne ya yi mini yawa, sai na tuna wata biyu ke nan ba na aikin komai. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na gaya masa labarin mai hatsin. Ya tambaya ko akwai mata masu goyo a layin, na ce akwai. Ya tambaya ko da gaske moɗa ɗaya ake sha da ita, na ce da gaske. Sai ya ce in kama shi in kai shi bakin zaure, in sa mutane su ja baya sosai, in tsaya tsakaninsa da su ina maimaita abin da ya faɗa da ƙarfi, don muryarsa ba za ta kai ba.

Da suka gan shi wurin ya yi tsit, har masu rake. Ya fara da cewa ya faɗa ya kuma faɗa, bai tofa komai a ruwan nan ba, Allah ne shaidarsa. Suka gyaɗa kai kamar kullum. Ya ce amma tunda sun taso daga nesa ba zai bar su su koma hannu banza ba, zai ba su abin da ya sani yana da amfani, sai dai yana da sharuɗɗa. Da jin kalmar sharuɗɗa na ga mutane sun gyara tsayuwa, wasu sun tura na gabansu su yi shiru. A wurinmu taimakon da ba shi da sharaɗi ba a ɗaukarsa da daraja.

Ya ce kowa ya koma gidansa ya yi da ruwan gidansa. Ya sami sabulu, ya cuɗa hannuwansa ciki da baya da tsakanin yatsu, kada ya ɗauraye sai ya yi istigfari ashirin. Ya yi haka in ya dawo daga kasuwa, da kafin ya ci abinci, da kafin ya taɓa tsoho ko jariri. Kada mutum biyu su sha da moɗa ɗaya. Kada ya ba kowa hannu, ya dafa ƙirjinsa ya wadatar. Mai tari ya rufe bakinsa, in ya ji zazzaɓi ya nemi asibiti. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi duka nauyi, duk wanda ya sake tako ƙofar gidan nan kafin cutar ta wuce ya karya sharaɗi.

Ina maimaitawa ina jin kamar in yi kuka, ina jin kamar in yi dariya. Maganata ce tsaf, wadda na yi mako biyu ina ihu a kan benci ba wanda ya saurara. Yanzu ga mutane suna ƙirgawa da yatsa, suna tambayar juna ko ashirin aka ce ko talatin. Bafulatanin nan ya ɗaga sanda ya tambaya ita saniyar fa. Baba ya ce a kai ta wurin likitan dabbobi, shi kuma ya wanke hannu kafin ya tatse ta. Ya ce ya ji, ya ja abarsa.

Kafin la'asar titi ya koma yadda yake. An ce ranar sabulu ya yi wuyar samu a shagunan unguwa. Kawu, da gidansa ke jikin namu, ya koma gaishe mu ta kan katanga, hannunsa a ƙirji, kuma in ya ga wani ya miƙa wa wani hannu a mahauta shi ke fara tsawatarwa.

Na mayar da Baba ɗaki na zaunar da shi. Ya karkata kai yana saurare.

"Sun tahi duka?"

"Sun tahi, Baba."

"To, madalla."

Ya lallaɓa ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Da bakinsa ya kori mutanen da ya shekara shida yana jiran su, kuma bai ce mini komai a kai ba. Na tsaya a bakin ƙofa, wurin da na saba tsayawa, na ji ba zan iya juyawa in tafi ba.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi. Wani ma'aikacin lafiya ya zo ya duba shi, ya ba shi magani, ya ce a keɓe shi, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi. Na ce ni ne. Na shimfiɗa tabarma a ɗaya ƙarshen ɗakin, na buɗe taga da ƙofa, takunkumi a fuskata, hannuna har ya fara tsagewa don wanki. Kwana tara ina sauraron numfashinsa, in ya yi ƙasa hankalina ya tashi, in ya dawo in gode wa Allah. Har yau ban san ko cutar ce ko asmarsa ce ta tashi ba. Da ya ɗan sami sauƙi ya ce in sauko da littattafansa in karanta masa. Larabcina ya yi tsatsa, kowane layi sai ya gyara mini, yana cewa an yi asarar kuɗin tawada a kaina. Ranar da ya yi mini dariya har ya nemi a dama masa fura, na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Ya tashi. Ya ƙara shekara uku a duniya, kuma tabarmar nan ba ta bar ɗakin ba har ranar da aka fitar da shi.

Abin da na koya ba a rediyo na ji shi ba. Duk abin da rediyo ta faɗa gaskiya ne, kuma gobe wata cuta ta zo zan sake wanke hannu in sa a wanke. Amma na yi ta lissafin wa zan hana shiga wurin mahaifina, ban taɓa tambayar kaina wa ke shiga ba. Tsohon da aka bari shi kaɗai zai buɗe wa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko da ya san abin da mutumin zai iya shigo masa da shi. In kana da tsoho a gida, ka wanke hannunka da kyau, sannan ka shiga ka zauna.